Magani Ba Tare Da Allura Ba: Ruwan Kiristal Da Katangar Fata

Yawancinmu ba ma son allura. Amma akwai masu ciwon sukari da dole su yi wa kansu allurar insulin kullum, wasu ma sau da yawa a rana. To, me zai hana a shafa musu maganin a fata ya shiga jiki da kansa?

Matsalar ita ce fata katanga ce. Saman fatarmu bai wuce kaurin kashi 2 cikin 100 na milimita ba, amma gininsa irin na bango ne: matattun ƙwayoyin halitta su ne tubalin, wani maiƙo kuma shi ne lakar da ta riƙe su. Bangon nan ne ke tare ƙwayoyin cuta, ya kuma hana ruwan jikinmu ƙafewa. Magunguna ƙalilan ne ke iya ratsa shi, kamar na hana tashin zuciya a mota, wanda Amurka ta amince a riƙa manna filastarsa a fata tun 1979.

A nan ne masana suka waiwayi ruwan kiristal. A 1888 wani masanin tsirrai ɗan Austriya, Friedrich Reinitzer, ya lura cewa wani sinadari dangin kolestarol yana narkewa sau biyu: a wajen digiri 145 ya zama ruwa mai hazo, a wajen 178 ya washe. A tsakanin nan yana gudana kamar ruwa, amma ƙwayoyinsa a jere suke kamar ɗalibai a asambuli. Danginsa ne ke cikin allon kalkuletarmu.

Idan aka haɗa wani maiƙo mai suna monoolein da ruwa, da kansa yake shiryuwa ya zama ruwan kiristal mai kama da soso, cike da siraran hanyoyin ruwa. Sai a farfasa shi zuwa ƙwayoyi masu faɗin nanomita 100 zuwa 300. Silin gashi ɗaya ya fi su kauri sau ɗaruruwa.

Maganin da ke narkewa a ruwa yakan zauna cikin hanyoyin, mai narkewa a mai kuma ya shige jikin maiƙon. Da an shafa, maiƙon zai cuɗanya da na fata ya sassauta lakar bangon na ɗan lokaci, maganin kuma ya riƙa fita kaɗan-kaɗan.

Sai dai da sauran aiki. Yawancin gwaje-gwajen a ɗakin bincike ake yin su, sau da yawa da fatar dabbobi. Ƙwayar insulin kuwa ta ninka girman abin da fata ke bari ya wuce fiye da sau 10, don haka mai ciwon sukari bai rabu da allurarsa ba tukuna. Abin da masana ke nema shi ne ƙofar da za ta buɗe wa magani, ta rufe kafin cuta ta biyo baya.