Bayanin Fis Mai Faɗuwa da Shaidar da Yake Bayarwa

Wannan bayani ne a kan wani ƙaramin abu da ke rataye bisa kan jama'a cikin kasuwanni da unguwanni, ana wucewa ƙarƙashinsa dare da rana, amma kaɗan ne suka san aikinsa. Duk wanda ya tsaya nesa kaɗan da taransifoma ya ɗaga kai, zai ga tangaran uku jere bisa wani ƙarfe da aka gitta, kowane riƙe da bututu mai tsawon kamu guda ko kusa da haka, yana tsaye a ɗan karkace. Waɗannan su ne fis masu faɗuwa. Ma'aikatan lantarki na Nijeriya sukan kira su J&P, daga sunan kamfanin Johnson & Phillips na Ingila, wanda ya yi suna wajen ƙera su.

Dalilin sa shi

Wutar da ke bin manyan wayoyin cikin gari ƙarfinta bolt 11,000 ne, wani wuri kuma 33,000. Aikin taransifoma shi ne ta sauko da ita zuwa bolt 230 ko 240 na gidaje, da 400 ko 415 na manyan injuna. Kowace taransifoma kuwa tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Misali, mai lamba 500 KVA da ke kan layin 11,000, in ta cika kaya, wutar da take ja daga babban layi ba ta wuce amfiya 26 da 'yan kai. Idan reshen itace ya haɗa wayoyi, ko tsawa ta faɗa, ko wani abu ya lalace cikin taransifomar kanta, sai wutar ta ninka wannan adadi sau da yawa cikin ƙiftawar ido. Saboda haka aka sa fis a ƙofar shiga, domin ya ƙone ya fanshi abin da ya fi shi tsada.

Yadda aka ƙera shi

Tangaran shi ne ke raba wuta da jikin turke. A samansa akwai wani baki na jan ƙarfe inda wayar babban layi ke sauka, a ƙasansa kuma akwai maratayi mai juyawa kamar na ƙyauren ƙofa, daga nan ne waya ke zarcewa cikin taransifoma. Bututun shi ne gada tsakanin biyun. Cikinsa aka zura igiyar fis, wadda ke da kai kamar maɓalli a sama, da ɗan siririn sashe na azurfa ko kuza a ƙarƙashin kan, sa'an nan doguwar wutsiya ta jan ƙarfe mai laushi. Wannan siririn sashe an auna kaurinsa, an rubuta adadin amfiyar da zai jure.

To, hikimar tana wajen wutsiyar. Ana janyo ta ta gindin bututu, a lanƙwasa ta bisa wani ɗan harshe mai sifirin, a ɗaure tamau. Ɗaurin nan shi ke riƙe gaɓar maratayi a miƙe, gaɓar kuma ita ke tokare bututu sama cikin bakinsa. Watau igiya guda ce ke aiki biyu, ita ce hanyar wuta, ita ce kuma ɗanin tarko.

Yadda yake faɗuwa

Sa'ad da wuta ta wuce kima, sai siririn sashen ya narke. Amma wuta mai wannan ƙarfi ba ta yankewa don waya ta tsinke kawai, sai ta tsallaka giɓin da harshe mai tsananin zafi irin na mai walda. Cikin bututun an shafe shi da wani abu wanda in zafi ya taɓa shi yakan fid da iska mai yawa nan take. Iskar nan sai ta fito ta bakin bututu da ƙarfi, ita ce ƙarar da mutane kan ji kamar harbin bindiga. Wutar lantarki ta ƙasashen nan tana kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa guda, watau tana sauka ga babu sau 100. A ɗaya daga cikin waɗannan saukar ne iska ke share harshen, ya kasa tashi kuma.

Cikin wannan hali sifirin ya fizge wutsiyar ƙasa, gaɓar maratayi ta karye, bututu ya ɗan zame ya saki bakin sama, nauyinsa kuma ya kife shi, gama da ma a karkace aka kafa shi. Sai ya tsaya yana reto, kai ƙasa. Lalle a lura da jerin nan: wuta tana mutuwa cikin bututu tukuna, faɗuwa na biyo baya. Faɗuwar shela ce ga masu ido, ita ce alamar da aka nufa.

Karanta alama

Fa'idar wannan alama babba ce. Ba ta bukatar fitila ko batir, kuma ana ganinta daga ƙasa. Ma'aikaci da ke bin layi mai nisa ya san inda ɓarna take ba tare da ya hau kowane turke ba. Gani ya kori ji.

Ga ɗan kasuwa ma akwai karatu a ciki. Idan bututu biyu ko uku suka faɗi, unguwa duka ta yi duhu. Idan guda ne ya faɗi, sai a ga wasu shaguna da wuta lafiya lau, wasu kuwa ƙwai ya yi ja, fanka na juyawa da kyar, domin kusan rabin ƙarfi ne ke isa gare su. Wannan shi ne lokacin hatsari ga dukiya. Mai firiji ya kashe firijinsa, mai injin niƙa ya tsai da injinsa, gama mota mai cin layi uku in ta rasa guda takan yi gurnani ta yi zafi har ta ƙone.

Akwai kuma wani irin fis da ake rufewa cikin akwatin ƙarfe, wanda ba ya faɗuwa. Alamarsa wata 'yar ƙusa ce da sifirin ke turawa, an riƙe ta da waya siririya ƙwarai. In babbar igiya ta narke, wuta ta koma kan siririyar ta ƙone ta, sai ƙusar ta yi tsalle waje, ta nuna fis ya mutu, ta kuma bugi makunni ya yanke layi ukun gaba ɗaya.

Iyakar shaidarta

Masu ilmi sun san shaida ba ta wuce abin da aka gani. Bututu mai reto abu guda yake faɗi, watau hanya ta yanke a wannan wuri. Bai ce wurin ya zama lafiya ba. Bakin sama yana nan da wutarsa cif, kuma wani mai janareta da bai raba wayarsa da ta gari ba yana iya mai da wuta baya, taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubbai. Har wa yau, tsatsa da ƙurar hunturu kan daskarar da maratayi, igiya ta ƙone bututu ya ƙi faɗuwa. Don haka ma'aikaci na kirki ba ya dogara ga ido kaɗai. Yakan gwada layi, ya haɗa shi da ƙasa, ya sa safar roba, ya ɗauko bututu da doguwar sanda wadda wuta ba ta bi, kuma ba ya mai da shi sai ya binciki abin da ya ƙone shi.

Masu rufe bakin shaida

Babbar ɓarna ita ce a gaji da yawan faɗuwar fis, a sami wani mai karambani ya zura waya mai kauri a madadin igiyar da aka auna, ko ya ɗaure sama da ƙasa kai tsaye. Daga ran nan ba sauran faɗuwa, jama'a su yi murna. Amma cutar da ke ƙone fis tana nan, ko kaya ne suka yi wa taransifoma yawa, ko wayoyi ne ke haɗuwa. Sai zafin ya koma cikin taransifoma, manta ya tafasa, ta ƙone. Unguwar da ta ƙi haƙurin yini guda sai ta yi watanni cikin duhu, ana bin shaguna da gidaje da karo-karo. Garin neman ƙiba an samo rama.

Abin da ya kamaci mai unguwa da sarkin kasuwa, in an ga bututu na reto, shi ne a hana yara da masu talla zama ƙarƙashin turke, a kashe injuna, a aika wa ofishin lantarki, a faɗi ko bututu nawa ne suka faɗi. In ma'aikata sun zo, a nemi su sa igiya mai adadin da ya dace da taransifomar. Iyakar bayani ke nan.