Bututun Bindiga Da Abin Da Ke Ɓoye Cikinsa

Tun da hotunan masu gasar harbi na Amurka da Ingila suka fara yawo a wayoyin mutane, inda ake ganin mutum a ɗakin aikinsa na gida ya kwance bututun tsohuwar bindiga mai cin harsashi ɗaya ya ɗaura mata sabo, wata magana ta bazu wadda ba ta da asali a ilimi, wai bututun bindiga ƙarfe ne mai rami kawai, duk wanda ya iya ƙira zai musanya shi ko da da famfon ruwa. Wannan jahilci ne mai cin yatsu da idanu, saboda haka wajibi ne a warware shi.

Al'adar sauya bututu tsohuwa ce. Bayan Yaƙin Bowa da aka yi a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, inda Turawan Ingila suka gane manoman da suke yaƙa sun fi sojojinsu iya saiti, sai wani babban hafsan sojan Ingila, Lord Roberts, ya tashi haiƙan yana kira a kafa ƙungiyoyin koyon harbi, aka ɗebo tsofaffin bindigogin Martini-Henry, waɗanda soja suka fara riƙewa a 1871, maƙeran Birmingham suka mayar da su masu cin ƙaramin harsashin nan da ake kira .22, mai araha da sauƙin ƙara.

Wanda ya ɗaga irin wannan bututu ya leƙa ta cikinsa wajen haske, zai ga waɗansu siraran kwaruruka sun murɗe tun daga gindi har baki, kuma a nan hikimar take, domin su ne suke kama dalmar harsashi su juya ta, kewaye ɗaya a cikin kowane inci 16, har ta fita tana juyawa wajen sau 800 a sakan guda. Kamar mazari ne a hannun mai kaɗi: muddin yana juyawa tsaye yake cak, da ya lafa sai ya kife. Idan tsatsa ko zafin albarushi ya cinye kwarurukan nan, harsashi ya dinga kauce wa inda aka auna, wannan ne dalilin da ke sa gwani neman sabon bututu.

Amma mas'alar da ta fi kowace nauyi ita ce ta ƙarfin iskar da ke tasowa idan albarushi ya kama, domin ko wannan ɗan harsashi da ake rainawa yana iya danna kusan kilo 1,700 a kan kowane murabba'in santimita, fili wanda bai wuce farcen ɗan yatsa ba, alhali fuskar mai harbi tana manne da gindin bindiga. In aka bar rata fiye da ƙa'ida tsakanin kwanson harsashi da ƙarfen da ke tokare shi, ko da ido ba ya ganinta, kwanso na iya tsagewa ya watso wuta da ɓarɓashin tagulla baya. Famfon ruwa kuwa, galibi ɗinke shi ake yi da walda a tsawonsa, kuma ta wannan ɗinki yake yagewa.

Saboda sanin haka Majalisar Ingila ta kafa gidan jarraba bindigogi a Birmingham a 1813, inda har yau ake ɗura wa bututu harsashi mai ƙarfi fiye da na kullum, a harba shi a ɗaki rufe, in ya tsira a buga masa hatimi. Haramun ne kuma a Ingila a sayar da bindigar da aka sauya wa bututu ba tare da an sake jarraba ta ba. Amurka ba ta wajabta wannan ba, shi ya sa masu hankali daga cikin maƙeranta suke auna ratar nan da ma'auni na musamman kafin su harba ko sau ɗaya, abin da gajerun hotunan waya ba safai suke nunawa ba.

A Nijeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana ƙira ko gyaran bindiga sai da izinin hukuma. Doka ce mai hujja, sai dai abin baƙin ciki, mafarauta da 'yan banga a ƙauyuka suna rataye da adaka ƙirar gida, hukuma ta sani, ta kuma wadatu da kama wanda tsautsayi ya faɗa wa, yayin da maharbin da ke shakkar bututunsa ba shi da wanda zai kai wa a duba masa ba tare da fargabar a tsare shi ba.