Gudanarwa da Tsaron Saba Mai Aiki da Linux

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a cikin wannan takarda ita ce mu yi bayanin yadda ake gudanar da saba da yadda ake tsare ta, tare da ɗaukar Linux a matsayin misali. Abin da muke nufi da saba shi ne kwamfutar da aka keɓe domin yi wa waɗansu kwamfutoci hidima dare da rana, watau ta adana bayanai ta kuma miƙa su ga wanda ya nema ta hanyar intanet. Waɗansu suna kiranta uwar garke. Lamarin ya shafe mu kai tsaye, domin da yawa daga cikin kwalejoji da jami'o'inmu a kan irin wannan na'ura suke ajiye rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa. Idan wani ya kutsa ya sauya maki, ko bayanan suka salwanta, to wahalar shekaru ta malami da ɗalibi ce ta tashi a banza.

Akwai ra'ayin da ya yaɗu cewa da zarar an ɗora Linux a kan saba, an gama da maganar tsaro. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa wannan ra'ayi yana da gyara, domin mafi girman alhakin tsaro yana wuyan mai kula da na'urar ne.

2.0 Asalin Linux

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda take sarrafa sassanta da sauran manhajojin da ke cikinta. Ana kiran babbar manhaja buɗaɗɗiya idan an bai wa kowa izinin karanta rubutun tushenta, ya gyara shi, ya kuma rarraba shi. A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka domin samar da irin wannan manhaja. A 1991 kuma Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fitar da ƙwayar manhajar da aka sa wa suna Linux. Daga haɗuwar waɗannan ayyuka biyu aka sami nau'o'i irin su Debian a 1993 da Ubuntu a 2004. Ya zuwa Nuwamba 2017, dukan manyan kwamfutoci 500 mafiya sauri a duniya da Linux suke aiki.

Hujjar masu ganin Linux ta wadatar ita ce, tun da dubban masana suna iya duba rubutun tushenta, da wuya kuskure ya daɗe a ɓoye. Akwai gaskiya a cikin wannan magana, amma bari mu auna ta da abubuwa uku da suka faru.

3.0 Darussa Uku

Na farko shi ne kuskuren da aka laƙaba wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da sabobi masu yawa suke amfani da ita wajen ɓoye saƙonni. Kuskuren ya fito cikin manhajar a Maris 2012, ba a kuwa bayyana shi ba sai ranar 7 ga Afrilu 2014. A tsawon wannan lokaci, mai kutse yana iya tatsar bayanai har kilobayit 64 daga ƙwaƙwalwar saba a kowace tambaya guda, ciki har da kalmomin sirri. Ashe ke nan izinin dubawa daban, samun mai dubawa daban.

Na biyu shi ne abin da ya sami kamfanin Equifax na Amurka a 2017. A watan Maris aka gano rauni a cikin buɗaɗɗiyar manhajar Apache Struts, aka kuma fitar da facinsa, watau gyaran da ke toshe kafar. Kamfanin bai sanya facin a inda ya kamata ba. A watan Mayu masu kutse suka shiga, ba a farga ba sai ƙarshen Yuli, bayan sun kwashe bayanan mutane kimanin miliyan 147. A nan masu manhaja sun sauke nauyinsu. Sakacin masu kula ne ya jawo asara.

Na uku ya faru a Maris 2024, lokacin da wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata na'urarsa ta hanyar SSH yana ɗaukar ƙarin kimanin rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi sai ya tarar an dasa ƙofar asiri a cikin manhajar matse fayil mai suna xz, fitowa ta 5.6.0 da ta 5.6.1. Wanda ya dasa ta ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka wa aikin har aka amince da shi. An toshe ta kafin ta kai ga tsayayyun fitowar Debian da Ubuntu. Wannan karon buɗewar tushe ta yi rana, amma sai da aka sami mutumin da ya san yadda na'urarsa ta saba aiki, har ya ga canji ƙanƙane.

4.0 Ayyukan Mai Kula da Saba

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ayyukan da za mu lissafa duk hanyoyi ne na hana bangon tsagewa, ko na ganin tsagar da wuri.

4.1 Rage Ƙofofi

Kowace hidima a kan saba tana sauraro a wata ƙofa mai lamba. Shafin intanet yana amfani da ƙofa ta 80 da ta 443, SSH kuwa da ta 22. Ya kamata mai kula ya duba ƙofofin da ke buɗe da umarnin ss, ya kashe duk hidimar da ba a bukata, sa'an nan ya kafa katangar tsaro da nftables ko ufw. Ƙa'idar ita ce a rufe kome tukuna, kana a buɗe abin da aiki ya wajabta. Rumbun bayanan jarrabawa, alal misali, ba shi da dalilin sauraron kiran da ya fito daga wajen makaranta.

4.2 Tsare Hanyar Shiga

Tatu Ylönen ya ƙirƙiro SSH a 1995 bayan an saci kalmomin sirri a jami'arsu da ke Finlan, kuma da ita ake sarrafa saba daga nesa. Duk sabar da aka haɗa da intanet, ba ta daɗewa na'urorin masu kutse suke fara gwada kalmomin sirri a ƙofarta. Maganin wannan shi ne a daina shiga da kalmar sirri, a koma ga mabuɗi mai ɓari biyu: ɓarin fili a kan saba, ɓarin asiri a hannun mai shi. Har ila yau a hana shiga kai tsaye da sunan root, watau asusun da ke da iko a kan kome. Manhajar fail2ban kuma tana toshe adireshin da ya yawaita gwaji.

4.3 Iyakance Iko

A Linux kowane fayil yana da mai shi, da rukuninsa, da sauran jama'a. Izinin karantawa lambarsa 4, na rubutawa 2, na zartarwa 1. Saboda haka fayil mai lamba 640 mai shi yana karantawa yana rubutawa, rukuninsa karantawa kawai, saura kuwa ba su da kome. Kowane ma'aikaci a ba shi asusunsa da gwargwadon ikon da aikinsa yake bukata, manyan ayyuka kuma a yi su ta hanyar sudo, domin a san wanda ya yi abu da lokacin da ya yi shi. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ran nan za a rufe asusunsa.

4.4 Sanya Faci a kan Kari

Wannan shi ne darasin Equifax. A Debian da Ubuntu ana sabunta manhajoji da umarnin apt, ana kuma iya saita na'urar ta riƙa ɗaukar facin tsaro da kanta. Wajibi ne kuma a san wa'adin nau'in da ake amfani da shi. Ubuntu tana fitar da nau'i mai dogon tallafi a watan Afrilu bayan kowace shekara biyu, da tallafin shekara biyar. CentOS 7 kuwa wa'adinta ya ƙare ranar 30 ga Yuni 2024, don haka sabar da aka bari a kanta ba ta ƙara samun faci daga masu ita.

4.5 Duba Rajista da Ajiye Kwafi

Saba tana rubuta abin da ya gudana a cikinta a babban fayil na /var/log, ana kuma karanta wani sashe da umarnin journalctl. Mai duba rajistar kullum shi ne zai gane baƙon abu, kamar shiga da tsakar dare daga adireshin da ba a sani ba. Game da kwafi, ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ajiye kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wani gini dabam. A wurare irin namu inda wutar lantarki take yawan ɗaukewa, wannan ya ƙara zama dole, haka nan batirin da zai riƙe na'urar har a kashe ta cikin tsari. Kwafin da ba a taɓa gwada maido da shi ba kuwa, ba a dogara da shi.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa Linux tana bai wa makaranta manhaja ingantacciya ba tare da kuɗin lasisi ba, amma ba ta ɗauke mata nauyin kulawa. Don haka muna ba da shawara uku. Na ɗaya, kowace makaranta ta naɗa aƙalla mutum biyu masu kula da saba, don kada mabuɗai su tafi da mutum guda. Na biyu, a rubuta tsarin na'urar da jadawalin faci a ajiye a ofis. Na uku, sassan koyar da kimiyyar kwamfuta su sa ɗalibai su kafa saba su tsare ta da hannunsu kafin su kammala karatu. Kuɗin da ba a biya wa lasisi ba, sai a kashe shi wajen horar da waɗanda za a danƙa wa amanar sakamakon ɗalibanmu.