Isawa: Fassarar Littafi da Sha'anin Mulki a Ƙasar Kano

Duk inda fassarar littafin addini ta shafi biyayya ga shugaba, to, ta zama siyasa. Tarihin Isawa ya isa misali.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Ƙarofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, wani malami mai suna Malam Ibrahim ya riƙa ba Annabi Isa matsayi fiye da yadda malaman birni suka yarda. Hukuma ba ta ɗauki abin a matsayin saɓanin malamai kawai ba, domin a lokacin Ningawa, waɗanda malamai masu ƙin biyan haraji suka kafa mulkinsu, suna ta kai hari kudancin Kano, wajajen Rano da Kibiya da Rurum. Aka kashe Malam Ibrahim a Kano, almajiransa suka watse, wasu suka nufi Ningi.

A 1913 wasu daga zuriyarsu suka sadu da Likita Miller a Zariya, suka karɓi Kiristanci, suka zauna a Gimi, daga baya a Wusasa. Turawan mulki kuwa, saboda gudun ɓata wa sarakuna rai, sun taƙaita wa'azin mishan a biranen Musulmi. Da Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, "Yesu" aka rubuta, ba "Isa" ba. Kalma guda ke nan, amma har yau tana nuna ɓangaren da mai magana yake.