HANYOYIN DA GWAMNATOCIN JIHOHI ZA SU BI SU CIKE GIƁIN KASAFIN KUƊI

Mene ne giɓi?

A ƙarshen kowace shekara Gwamna yakan gabatar wa Majalisar Dokokin jiharsa kasafin kuɗi, watau lissafin abin da gwamnati take sa ran samu da abin da take niyyar kashewa a shekara mai zuwa. Idan abin kashewa ya zarce abin samu, bambancin da ke tsakaninsu shi ake kira giɓi. Alal misali, jihar da ta tsara kashe naira biliyan 300 alhali kuwa kuɗin shigarta biliyan 240 ne, tana da giɓin biliyan 60. Kada mai karatu ya ɗauka wannan damuwar ma'aikatan baitulmali ce kaɗai. In ba a cike giɓin ba, albashin malamin makaranta ne zai makara, asibiti ya rasa magani, ɗan kwangila kuma ya kwashe kayan aikinsa ya bar hanya rabi da rabi.

Inda kuɗin jiha yake fitowa

Taskar jiha ƙofa biyu gare ta. Ta farko ita ce kason da ake ba ta kowane wata daga Asusun Tarayya, inda kuɗin man fetur da na kwastan da harajin kamfanoni suke taruwa. Bayan an ware wa jihohi masu arzikin mai kashi 13 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai, Gwamnatin Tarayya takan ɗauki kashi 52.68, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba kashi 20.60. Har wa yau akwai harajin sayayya da ake kira VAT, wanda dokokin haraji na 2025 suka ɗaga kason jihohi a cikinsa daga kashi 50 zuwa 55. Ƙofa ta biyu ita ce abin da jiha take tarawa da kanta: harajin albashi, da kuɗin ƙasa, da lasin mota, da makamantansu.

Yawancin jihohinmu da ƙofar farko suka dogara, ita kuwa farashin mai a kasuwar duniya ne yake buɗe ta ko ya rufe ta. An ga haka a 1982, lokacin da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu. An sake gani da gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, jihohi da dama suka kasa biyan albashi wata da watanni. Agajin da Babban Bankin Nijeriya ya ba su a 2015 rance ne, daga baya aka riƙa cire shi daga kasonsu. Hausawa suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Hanya ta farko: ƙara kuɗin shiga

Ƙara kuɗin shiga ba ya nufin ɗora wa talaka nauyin da ya fi ƙarfinsa. Tun 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali saboda wahalar da suke jawo wa jama'a. Abin da ake bukata shi ne a san waɗanda ya wajaba su biya, a kuma tabbata abin da suka biya ya isa baitulmali.

Jihar Kaduna ta gwada haka. A 2016 ta tattara harajinta cikin doka guda, ta hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu, ta kuma mai da rajistar filaye cikin kwamfuta. Kuɗin shigarta ya tashi daga ƙasa da naira biliyan 15 a 2015 zuwa sama da biliyan 50 a 2020. Jihar Legas, wadda a 1999 take tara kamar naira miliyan 600 a wata, ta tara sama da biliyan 400 a shekarar 2020. Ko da an yi la'akari da faɗuwar darajar naira, ƙarin ba kaɗan ba ne.

Hanya ta biyu: rage ɓarna

Tulun da ya fashe, kome ruwan da aka zuba masa ba ya cika. Saboda haka wajibi ne jiha ta tantance ma'aikatanta da lambar banki ta BVN, domin a cire sunayen bogi da na matattu da na masu karɓar albashi biyu. Wajibi ne kuma ta tara kuɗinta cikin asusun bai-ɗaya, kamar yadda Gwamnatin Tarayya ta yi a 2015, don kada wata ma'aikata ta ajiye kuɗi a banki alhali gwamnati tana cin bashi da ruwa daga wannan bankin. Daɗin daɗawa, a rage masu muƙaman siyasa da tafiye-tafiye da sayen motocin alfarma, a kammala aikin da aka soma kafin a aza harsashin sabo. Amma in za a rage, sai a yi hattara da kuɗin makaranta da na asibiti, gama abin da aka tsimi a can yau, ninkinsa za a biya gobe.

Hanya ta uku: cin bashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, gwamnati ma haka. Jiha tana iya ranta daga banki, ko ta sayar da takardun lamuni, kamar yadda Jihar Osun ta sayar da sukuk na naira biliyan 11.4 a 2013 don gina makarantu. Bashin ƙasashen waje kuwa ba ya yiwuwa sai Gwamnatin Tarayya ta tsaya mata. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce a ci bashi ne kawai don manyan ayyuka da raya al'umma.

Haɗarin bashi biyu ne. Na ɗaya, tun daga Abuja ake cire biyansa kafin kaso ya iso jiha. Da basussukan Osun suka taru, mai kuma ya faɗi, an daɗe ana biyan manyan ma'aikatanta rabin albashi. Na biyu, bashin waje da dala ake biyansa. Bashin dala miliyan ɗaya, wanda a farkon 2023 ya yi daidai da kamar naira miliyan 460, ya haura naira biliyan ɗaya da rabi a 2024 ba tare da an ƙara cin ko kwabo ba. Watau bashi yana ɗage giɓin bana ne zuwa baɗi, sai fa in an sa shi cikin aikin da zai biya kansa.

Abin da ya rataya a wuyan jama'a

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kason jihohi ya ƙaru ainun. Sai dai ɗawainiya ma ta ƙaru, gama mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, kayan aiki kuma sun yi tsada. Jihar da ta gyara harajinta ta toshe ɓarna tun da sauran yalwa, ita ce za ta iya biyan albashi ranar da mai ya sake faɗuwa.

Don haka muna kira ga jama'a su biya harajin da doka ta ɗora musu ta banki, su karɓi rasit. Su nemi kasafin kuɗin jiharsu su karanta, tun da jihohi sukan buga shi a intanet. Sa'an nan su tambayi wakilinsu a Majalisar Dokoki abu uku: nawa ne giɓin bana, da me za a cike shi, in kuwa da bashi ne, wane aiki za a yi da kuɗin.