Samanja Mazan Fama: Sojan Da Ya Sa Bariki Dariya

Ran 12 ga watan Nuwamba, 2023, Allah ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna, yana da shekara 81. Da yawa ba su san shi da wannan suna ba. Amma in an ce Samanja Mazan Fama, to, a nan ƙasar Kazaure, daga Roni har Gwiwa, da wuya a sami magidancin da ba zai yi murmushi ba.

An haife shi cikin 1942 a Pategi, garin Nufawa na bakin Kwara, kuma ɗan gidan sarauta ne. Ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, sa'an nan ya shiga soja zamanin yaƙin basasa, wanda aka yi daga 1967 zuwa 1970. A bariki ya ga irin mutumin da ya kwaikwaya shekara da shekaru a rediyo da talabijin, watau samanja, babban kurtu mai tsawa, wanda ƙananan soja ke rawar jiki in sun hango shi, shi kuwa ya yi laushi in hafsa ya iso.

Gwanintarsa ta farko a harshe ta ke. Hausar bariki ya ke yi, wadda soja na kabilu dabam dabam su ke gauraya da guntayen Turanci domin su fahimci juna. Bai ƙaga ta ba, kunnensa ya kasa ya ɗauko ta yadda ta ke, shi ya sa tsofaffin soja su ka yarda da shi.

Ta biyu ita ce ta fi nauyi. A tuna soja ne ke riƙe da Nijeriya daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. A irin wannan zamani talaka ba ya yi wa kaki dariya a fili. Samanja ya ba shi dama ya yi ta a tsakar gidansa, kuma a gidan talabijin na gwamnati. Abin ya yiwu domin ɗan gida ne ke yin ba'ar, ba da ƙiyayya ba. Ya nuna mai kaki mutum ne kamar kowa: yana cika baki, yana kuskure, in ya koma gida kuma tsawarsa ba ta da kasuwa.

To, malamai da akawuna, wasan nan da mu ya ke. Duk wanda aka danƙa wa ɗan iko, ko alli ne ko hatimi, akwai samanja a cikinsa. Akawun da ya bar dattijo tsaye a rana don takarda ɗaya, da malamin da ke firgita aji amma ya ruɗe ran da sufeto ya zo, duk ga su nan cikin madubin.

Finafinan Hausa na bidiyo sun fara a Kano cikin 1990, sun tarad da hanya wadda su Samanja su ka share. Ya kamata gidajen rediyo da talabijin na Kaduna su adana abin da ya rage na wasanninsa, malamai kuma su riƙa sa wa ɗalibai su ji, tun ba waɗanda za su riƙe ofis gobe ba.

Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.