Manjo Howson Da Ma'aikatar Jan Fure

Da yawa daga cikin malamanmu sun saba ganin ɗan tambarin nan da a ke maƙalawa a ƙirji don tunawa da mazan jiya, amma kaɗan ne suka san mutumin da ya mai da yin jan furen tunawa sana'ar dogaro da kai ga sojojin da yaƙi ya naƙasa. Sunansa Manjo George Howson, Baturen Ingila, wanda aka haifa cikin 1886.

Kafin yaƙi yana aiki ne a gonar roba a tsibirin Borneo. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi cikin 1914 sai ya shiga soja, aka sa shi cikin bataliya ta 11 ta rundunar Hampshire, waɗanda aikinsu haƙa ramuka da gyaran hanyoyi ne, harsashi na zuba a kansu. Cikin 1917, a fagen Ypres na ƙasar Beljiyam, ya sami lambar jarumtaka ta Military Cross. Ya aje kaki cikin 1920.

Abin da ya tarar a gida shi ne ya hana shi sakat. Ga dubban samari sun komo, wani ba hannu, wani ba ƙafa, masu ma'aikatu kuwa ba su son ɗaukarsu. A shekarar nan shi da Jack Cohen, wani ɗan majalisa da ya rasa ƙafafunsa biyu a yaƙin, suka kafa ƙungiyar taimakon naƙasassun soja. Cikin 1921 ƙungiyar British Legion ta fara sayar da furen fofi, amma daga Faransa aka kawo shi. Howson ya ce me zai hana nasu mutanen su yi? Aka ba shi fam 2,000, ya buɗe ma'aikata cikin 1922 a titin Old Kent Road na Landan da ma'aikata biyar kacal, shi kansa ma bai tabbata abin zai ɗore ba.

Wurin da mu ke so masu karatu su lura shi ne nan. Bai raba musu kuɗin ya sallame su ba. Ya sa aka tsara furen yadda mai hannu ɗaya ma zai iya harhaɗa shi, aka riƙa biyan kowa ladan aikinsa. Mu a ganinmu, mutumin da ya saba karɓar albashi a hannun sarki ya fi son ya sa hannu a takardar biya da ya miƙa ƙoƙon bara, kuma duk akawun da ya taɓa biyan tsofaffin soja fansho zai shaida haka.

Ba a jima ba wuri ya yi musu kaɗan, suka ƙaura zuwa Richmond, inda aka gina wa ma'aikata gidaje kusa da wurin aiki, su da iyalinsu. Cikin 1928 ya fara al'adar dasa furanni a harabar majami'ar Westminster. Ya rasu cikin 1936 yana da shekara 50.

Ma'aikatar tana nan har yau a Richmond, tana kuma nema wa tsofaffin soja aiki a wasu wurare. A Nijeriya kuwa, ranar tunawar da a da a ke yi ran 11 ga Nuwamba an mai da ita 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare cikin 1970.